Idan Bincike Ya Tono Aibu a Gidan da Kake Shirin Saye

 

 

An nemi in yi magana a kan sayen gida. Fagen yana da faɗi, saboda haka zan tsaya a wuri guda. Mutum ya ga gida ya kwanta masa a rai, an taya an sallama, sai ya ɗauko masani ya duba masa, masanin ya dawo ya ce akwai matsala. A wannan rana ake tafka asara iri biyu. Wani ya firgita ya bar gida mai kyau saboda tsagar filasta da buhun siminti biyu zai gyara. Wani kuma, irinsa ma sun fi yawa, ya ji nauyin komawa wurin mai gida, ya ce Allah na nan, ya biya, ya tare da iyalinsa, damina ta farko ta nuna masa abin da ya saya. Maganata ta yau ita ce, aibun da aka gano kuɗinka na hannunka, ana iya ɗora nauyinsa a kan mai sayarwa. Wanda ka gani ka yi shiru ka biya, ya zama naka kai da 'ya'yanka.

Bari in fara da abin da doka ta ce, domin mutane da yawa suna zaton kotu za ta share musu hawaye daga baya. Dokar cinikin gida da muka gada daga Ingila ta ɗora wa mai saye nauyin buɗe idonsa. Dole ne mai sayarwa ya bayyana ɓoyayyiyar matsalar da ta shafi mallaka, amma ba dole ba ne ya kama hannunka ya nuna maka inda rufi ke yoyo, muddin bai yi maka ƙarya ba. Shari'ar Musulunci ta fi tsananta wa mai sayarwa. Kowa a nan ya san labarin da Imam Muslim ya ruwaito, na mai sayar da abinci da ya bar jiƙaƙƙe a ƙasa ya rufe da busasshe, da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawatar masa. Malaman Malikiyya sun yi wa aibun gida bayani na musamman, kamar yadda yake a Tuhfa ta Ibn Asim da alƙalanmu ke aiki da ita. Akwai ƙaramin aibu da ba ya rage daraja, wannan ba a komawa a kansa. Akwai matsakaici, wanda ake ƙiyasta shi a rage daga kuɗin gidan. Akwai babba, wanda da yawa daga cikinsu suka auna da sulusin kuɗin, shi ne ke ba mai saye damar mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Amma duk wannan haƙƙi na wanda bai san da aibun ba ne lokacin ciniki. Wanda aka nuna masa ya gani ya ci gaba, ya yarda ke nan. Ku lura da kyau, rahoton da ka biya aka rubuta maka, in ka yi shiru a kansa, gobe shi ne shaidar da za a kafa a kanka.

Wa zai duba maka? Mutum uku ne, kuma aikin kowa daban. Safiyo mai rajista da hukumar SURCON shi ke auna fili ya tabbatar da iyaka. Injiniya mai rajista da COREN, ko ƙwararren magini mai lasisi, shi ke duba lafiyar ginin. Lauya kuma shi ke bin takardu. Kai za ka nemo su, kai za ka biya su. Maginin da dillali ya kawo, ko da mutumin kirki ne, ya san wanda ya kawo shi.

Idan rahoto ya zo, kada ka fara da abin da ya fi ɗaga maka hankali a ido. Fara da abin da kuɗi ba ya gyarawa, wato ƙasar da gidan ke kai da takardar da ke riƙe da ita.

Tun daga Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da kake saye izinin zama ne, wanda galibi ake rubuta wa shekara 99 a takardar shaidar mallaka, wadda muka fi sani da C of O. Sashe na 22 na dokar ya ce ba a sayar da irin wannan izini ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. A 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda banki guda ya rasa ikon sayar da gidan da aka jinginar masa saboda ba a nemi amincewar gwamna ba. In banki da lauyoyinsa sun faɗa wannan rami, ina ga ɗan kasuwar da ya tara kuɗinsa da gumin goshi? Saboda haka lauyanka ya je da kansa ya bincika fayil a hukumar filaye, KANGIS in a Kano ne, KADGIS in a Kaduna, AGIS in a Abuja. A can ake ganin ko sunan da ke takarda shi ne na mai sayarwa, ko gidan na jingine a banki, ko an soke takardar, ko akwai bashin harajin ƙasa. Idan aka miƙo maka kwafi aka ce ta ainihin ta ɓata a ƙaura, dakata. Sau da yawa tana nan lafiya lau a ma'ajiyar wani banki.

Gidan gado yana da nasa sha'ani. Babban wa ya fito ya ce shi ne wakilin kowa, alhali akwai ƙanwa da ke aure a wani gari ba a shawarce ta ba, ko maraya da bai balaga ba. Shekara biyar bayan ka tare sai sammaci ya iso. Maganin wannan a bayyane yake, ko dai takardar rabon gado daga kotu, ko sa hannun kowane magaji a gaban shaidu. In kuma kason mutum ɗaya kake saye a gidan da ba a raba ba, ka sani sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shufu'a, suna iya biyan abin da ka biya su karɓe. Irin wannan matsala tana warwaruwa, amma mai sayarwa ne zai warware ta, kuma kafin ka biya.

Wadda ba ta warwaruwa ita ce ta wuri. Safiyo ya auna ya ce katangar gabas ta ci hanya, ko ɗaki biyu suna cikin filin makaranta, ko gidan na ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ƙa'idar hukumar lantarki ita ce a bar faɗin mita 50 babu gini a ƙarƙashin layi mai ƙarfin kilobolt 330, da mita 30 ga mai 132. Za a ce maka ai kowa a layin haka ya gina, shekara ashirin ba wanda ya taɓa su. Mutanen Abuja sun ji irin wannan magana kafin rusau na tsakanin 2003 da 2007. Mutanen Kano sun ga rusau da aka yi a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula a watan Yunin 2023, kuma da yawa daga waɗanda abin ya shafa suna riƙe da takardu. Ba siyasa na zo yi ba. Abin da nake so ku ɗauka shi ne, wurin da asalinsa na jama'a ne, rigimarsa ba ta mutuwa, gwamnati ce kawai ke canzawa. A unguwannin awon igiya kuwa, inda takardar mai unguwa ko ta dagaci ce kaɗai shaida, ba na cewa kada a saya, domin a nan akasarin talakawa ke samun matsuguni. Amma a tabbatar ba a sayar wa mutum biyu ba, a kira maƙwabta na kusurwa huɗu su tsaya a kan iyaka, a kuma tambayi hukumar tsara birni ko akwai titin da aka zana zai ratsa wurin.

Sai ruwa. Yawancin cinikin gida da rani ake yi, lokacin da kowane lungu busasshe ne. Gidan da ka gani a watan Maris ba shi ne gidan watan Agusta ba. Birnin Kano cike yake da tsoffin kududdufai da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, daga baya aka cike su da shara aka yanka fuloti. Ƙasar cike ba ta daina zama, kuma ruwa bai manta hanyarsa ba. A Bulbula da Gayawa zaizayar ƙasa ta ci gidaje, haka ma a sassan Gombe. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta nuna mana yadda unguwa guda ke nutsewa a dare ɗaya. In ba za ka iya jira damina ba, gidan da kansa zai ba ka labari. Dubi dokin ƙofa, in an ɗaga shi da bulo ɗaya ko biyu fiye da yadda aka saba, tambayi dalili. Dubi katangar maƙwabta daga waje, za ka ga layin da ruwa ya tsaya ya bar alama. Dubi gindin bango a cikin ɗaki, in fenti sabo ne daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, sama kuma tsoho, an rufe wani abu. Sa tafin hannunka a wurin, ka ƙwanƙwasa. Filastar da ta sha ruwa tana amsawa kamar ba komai a bayanta, wani lokaci har farin gishiri ke fitowa ta cikin fentin. Sannan ka bar uwargida ta shiga gidajen maƙwabta ta gaisa da mata. Abin da za ta jiyo a zama ɗaya game da inda ruwa ke shiga da wanda ya kwashe kayansa bara, babu injiniyan da zai gano shi da na'ura.

Danshin da ke tasowa daga ƙasa saboda ba a shimfiɗa leda a kan harsashi ba, ana iya rage shi, ko da yake aikin na da tsada kuma yakan dawo. Kwatar da ta toshe ana yashe ta. Amma gidan da ke zaune a hanyar ruwa, ko nawa aka rage maka, shawarata ka haƙura da shi.

Yanzu ga tsaga, wadda ita ce ta fi tsorata masu saye, ita ce kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Kusan babu gidan bulo da ba shi da tsaga. Siririya kamar gashi, wadda ta bazu a fuskar filasta, yawanci daga bushewar siminti ne da zafin rana, ba ta da wata illa. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace, ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa, ta bi layin bulo hawa-hawa, ta fi faɗi a gefe ɗaya, kuma in ka zagaya bayan bangon ka same ta a can ma. In aka haɗa da ƙofar da ta daina rufuwa daidai, ko daɓen da ya rabu da bango, to harsashi ne ke motsi. Akwai ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi, wanda ya samo asali daga Ingila. Tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba galibi ta kwalliya ce. Daga 5 zuwa 15 tana son gyara na sosai. Daga 15 zuwa 25 ta yi tsanani. Abin da ya haura 25 kuwa ana maganar sake gina sashen ne.

Amma faɗi kaɗai bai isa ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, tsagar ta tsaya ko tana ci gaba? Tsohuwar tsaga da ta yi shekaru ba ta ƙaru ba, cikinta ya yi baƙi da ƙura da yanar gizo-gizo, ta fi sabuwa ƙarama mai tsabtar baki kwanciyar hankali. Ana ganewa ta hanya mai sauƙi. A ja layi da fensir a ƙarshenta a rubuta kwanan wata, a liƙa ɗan siminti ko gilashi a kan bakinta, a dawo bayan makonni a ga ko ya tsage. Matsalar ita ce wannan yana son lokaci, mai sayarwa kuma yana sauri. A wuraren da ke da baƙar laka mai kumbura da damina ta tsuke da rani, irin ta yankin Numan da wasu sassan Gombe da Borno, sai an ga yanayi biyu kafin a yanke hukunci. Idan injiniya ya ce yana son a haƙa gefen harsashi ya ga zurfinsa, ka nemi izinin mai gida a haƙa. In ya ƙi, ƙin nasa ma amsa ce.

Gidan bene ya fi buƙatar tsanani. Ka tambaya, hawa nawa aka amince a zanen farko, hawa nawa ke tsaye yanzu? Harsashin da aka zuba don hawa ɗaya ba ya ɗaukar uku don mai shi ya samu kuɗi. Dubi ƙarƙashin dakin, wato rufin kankare, in ya ɓare rodi ya bayyana da tsatsa, ko tsakiyarsa ya lotsa, kada ka saurari mai cewa filasta za ta rufe. Akwai na'urar gwada ƙarfin kankare ba tare da an fasa ba, a nemo ta. Bulo kuwa ko da ƙusa ka kankare shi za ka gane, wanda aka yi wa rowar siminti yana zubowa kamar gari. Mun ga benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40. Mun ga na titin Beirut a Kano a watan Agustan 2022. Mun ga makarantar da ta faɗa wa ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024, rai 22 suka salwanta. Wannan ba wurin neman ragi ba ne, wurin tsira da rai ne.

Sauran abubuwa ba zan daɗe a kansu ba, domin duk suna da farashi. Kwanon da ya yi tsatsa, katakon rufi da gara ta ci, wayar wuta ta gwangwani da ba ta da layin ƙasa, famfon da ke zuba a cikin bango, bashin wutar lantarki da aka tara a kan gidan. A hau cikin silin da tocila a duba, a buɗe akwatin wuta, a nemi takardar biyan kuɗi ta ƙarshe. In akwai ɗan haya a ciki, a san ranar fitarsa, domin mai hayar shekara a ƙa'ida sai an ba shi sanarwar wata 6. Abu ɗaya ne a nan nake so in ja hankali a kansa, tazarar rijiya da sokawe. Masana lafiya suna son a bar kamar mita 30 tsakaninsu. Fulotin ƙafa 50 bai wuce mita 15 da 'yan kai ba, ga kuma masai na maƙwabci a jikin katanga. Kafin yaranka su sha ruwan rijiyar nan, a kai shi ɗakin gwaji.

To, ka tantance. Gidan ba na gudu ba ne, na gyara ne. Yaya za ka koma wurin mai shi?

Kada ka je da baki kawai. Ka sa a yi maka ƙiyasin gyaran a rubuce daga mutum biyu ko uku, kaya daban, kuɗin aiki daban. A ce an sallama gidan a naira miliyan 40, ƙiyasin sauya rufi da wayar wuta ya kama miliyan 4. Ka je da takardar da hotuna, tare da mutumin da mai gidan ke jin nauyinsa, ka ce, Alhaji, ina son gidan nan, ga abin da aka gano, yaya za mu yi? Ba zargi ka je yi ba. Sau da yawa shi kansa bai taɓa hawa cikin silin ɗinsa ba. Kuma ka yi adalci. Tsohon fenti da tagar da ta fashe ka gan su tun ranar farko, da su aka yi ciniki, kada ka tsiro da su yanzu. Mai neman ragi a kan kowace ƙusa yana zubar da ƙimar babbar maganarsa.

Zai iya cewa shi zai gyara. A ra'ayina ragin kuɗi ya fi, domin wanda zai bar gida gobe ba zai sayi katako mai kyau don wani ya kwana a ƙarƙashinsa ba. In ya dage sai shi zai yi, a rubuta irin kayan da za a sa da ranar gamawa, a riƙe wani kaso na kuɗin a hannun lauya har injiniyanka ya duba ya gamsu. Matsalar takarda kuwa ba a karɓar ragi a kanta. A gyara ta tukuna.

A nan ne dillali zai matso ya ce, ranka ya daɗe, akwai wani Alhaji da ya taya, gobe zai turo kuɗi. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila ba haka ba. Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki, kai kuma kai za ka kwana a gidan. Abin da ke karya mutane a wannan gaɓa shi ne kafin alƙalami. Mutum ya ba da miliyoyi tun kafin a duba komai, yanzu yana tsoron in ya fasa sun tafi. A mazhabar Malikiyya, kuɗin da ake bayarwa da sharaɗin in an fasa ciniki mai kaya ya cinye, ba a yarda da shi ba. Duk da haka kada ka dogara da cewa za a tuna da wannan ranar rigima. In za ka ba da wani abu, ya zama kaɗan, ta banki, kuma a rubuta ƙarara cewa ciniki ya rataya ne a kan sakamakon binciken gini da na takardu cikin kwanaki kaza, in an sami babban aibu za a mayar da kuɗi cif.

Na san abin da ke hana mu duk wannan. Kunya ce. Mai gidan abokin mahaifinka ne, ko limamin unguwa ne ya haɗa ku, ko ka riga ka gaya wa surukai ka yi gida. Kunya halin kirki ce, da ita aka san mu, ba na son mu rabu da ita. Amma na ga zumuncin shekara talatin ya watse a gaban alƙali saboda maganar da aka ji nauyin faɗa a zaure cikin minti goma. Wanda ya tambaya kafin ya biya, ya kare kuɗinsa ya kuma kare mutuncin wanda ya sayar masa.

Ku kuma masu sayarwa da dillalai da ke cikin wannan zaure, ina roƙonku don Allah, in kun san ruwa na shiga, ku faɗa. In kun san akwai magajin da bai yarda ba, ku faɗa. Ku bar mai saye ya shigo da injiniyansa da safiyonsa, ku ba lauyansa lambar fayil ya je ya duba. Masu saye kuma, duk wanda ke da ciniki a hannu a yanzu, ya koma gida yau ya duba ko an rubuta sharaɗin mayar da kuɗi. In ba a rubuta ba, kada ya ƙara tura ko sisi sai an rubuta.

Allah Ya ba kowa muhalli na halal mai albarka.